Bayani a kan abajada: daga ramzin malamai zuwa sunan jarirai da lissafin kwamfuta

A bayanan da muka sa a gindin shafukan wannan littafi, mai karatu ya ci karo da kalmar abajada sau da dama, musamman inda muka warware ramzin da mai kwafi ya rufe rubutunsa da shi. Gindin shafi wuri ne matsattse, ba ya ɗaukar dogon zance, shi ya sa muka ware wannan babi don a yi maganar a tsanake. Dalilin da ya sa abin ya cancanci babi guda shi ne, wanda bai san jerin da marubuci ya bi ba yana iya kuskure shekarar takarda da shekara ɗari bakwai cif, ya mayar da rubutun zamanin Shehu Usmanu zuwa zamanin da ko kakannin kakanninsa ba a haifa ba. Kuma wannan jeri da almajiri ke haddacewa a gaban malaminsa, shi ne dai yake fitowa yau a wuraren da ba a zata ba: a takardar haihuwar wasu yara a Amurka, da cikin kwamfutar da muka buga wannan aiki da ita.

Jeri biyu da almajiri ya sani

Duk wanda ya yi allo ya san baƙaƙe da sunayensu na Hausa: ba guje, jim ƙarami koma baya, ha mai ruwa, kaf lasan, lam ara, ha kuri da sauransu. In aka jera su bisa kamannin siffa, ba da ta da sa su zo tare don gidansu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su. Jim da ha da ha mai ruwa su biyo baya. Dal da zal. Ra da zaira. Wannan shi ne jerin hija'i, wato alif, ba, ta, sa. Ana danganta tsara shi ga Nasru ɗan Asim, malamin Basra na ƙarnin farko na hijira, zamanin da aka shiga sa ɗigo don rarrabe baƙaƙe masu kama da juna.

Jeri na biyu ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Shi ne wanda aka ɗaure cikin kalmomi takwas don sauƙin hadda, kuma daga kalmarsa ta farko Hausa ta samo abajada. Ga shi yadda malaman Magrib da na ƙasashenmu suka gada:

أبجد هوز حطي كلمن صعفض قرست ثخذ ظغش

Kowane baƙi a nan yana da adadi. Tara na farko, daga alif zuwa ɗa mai hannu, su ne 1 zuwa 9. Tara na biye, daga ya zuwa lodi, su ne 10 zuwa 90. Tara na uku, daga ƙaf zuwa gain, su ne 100 zuwa 900. Baƙi na ashirin da takwas, wato shin, shi ne 1000. Kalmomin takwas ba su da ma'ana a Larabci. Igiya ce kawai da aka zura baƙaƙe a ciki don kada su watse.

Inda jerin ya samo asali

In ka ƙirga baƙaƙen kalmomi shida na farko za ka samu 22. Wannan adadi ne na baƙaƙen rubutun Finiƙiyawa, mutanen gaɓar tekun Sham, kuma shi ne adadin baƙaƙen Ibrananci da Suryananci har yau, a jeri iri ɗaya. Larabci yana da sautuka shida da waɗancan rubuce-rubucen ba su ware musu baƙi ba, sai aka ƙara su a wutsiya. Malaman farko sun kira su rawadif, wato masu biyo baya.

Shaida mafi tsufa ta wannan jeri ta fito daga Ugarit, tsohon birni a gaɓar Siriya, wurin da ake kira Ras Shamra yau, inda aka fara haƙa a 1929. An tarar da ƙananan allunan yumɓu da aka rubuta baƙaƙe 30 a jere a kansu, irin aikin mai koyon rubutu, kuma sun haura shekara dubu uku. In aka cire baƙaƙen da babu su a rubutun Finiƙiyawa, abin da ya rage shi ne abajadar da muka sani. Sunayen baƙaƙen kuwa asalinsu sunayen abubuwa ne: alif sa ne, ba gida, kaf tafin hannu, mim ruwa, ain ido, ra kai. Mai jin Larabci zai gane baiti da kaffu da ma'u da ainu da ra'asu ba tare da an nuna masa ba.

Girkawa sun aro rubutun daga Finiƙiyawa da jerinsa da sunayensa, suka ce alfa, beta, gama, delta. Daga gare su ya bi ta hannun Etruskawa ya isa ga Rumawa, daga Rumawa ya zo Faransanci da Ingilishi, daga nan ya shigo boko. Saboda haka yaron da ke rera a, be, se, de a lakol da almajirin da ke haddace abajada, abu guda suke riƙe da shi ta baki biyu. Duba tsakiyar boko ka gani: K, L, M, N, ai kalaman ce ba ragi ba ƙari. Q, R, S, T kuma ita ce kalma ta shida, ƙaf, ra, sin, ta. Harafin C yana zaune a gurbin jim ne domin asalinsa gama ne. Etruskawa ba su rarrabe sautin ga da ka, sai harafin ya koma ka a bakin Rumawa, daga baya suka ƙara masa ɗan ƙugiya suka fitar da G, suka ajiye shi a gurbi na bakwai inda zaira take a abajada.

Gabas da Magrib, da ramzin da ke tsakaninsu

Littattafan da ake bugawa a Misira da Lubnan da Saudiyya suna bin wani jeri da ya ɗan saɓa wa namu:

أبجد هوز حطي كلمن سعفص قرشت ثخذ ضظغ

Kalmomi huɗu na farko da ta bakwai duk ɗaya ne. Saɓanin yana cikin baƙaƙe shida kaɗai. Sodi 60 ne a Magrib, 90 a Gabas. Lodi 90 ne a Magrib, 800 a Gabas. Sin 300 ne a Magrib, 60 a Gabas. Zadi 800 ne a Magrib, 900 a Gabas. Gain 900 ne a Magrib, 1000 a Gabas. Shin 1000 ne a Magrib, 300 a Gabas.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar mu. Rubuce-rubucen da ke hannun iyalan malamai a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas, da dubban da aka tara a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, mafi yawansu an yi su ne bayan shekara ta dubu ta hijira. Ke nan kusan kowane cikakken ramzi yana ɗauke da baƙin dubu, kuma ga malamanmu baƙin nan shin ne. Shi ya sa ramzin ƙarni na goma sha uku kan zo da shin da ra, wato 1000 da 200.

Bari mu gwada da shekaru biyu sanannu. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, ƙasar Gobir, yankin Galmi a jahar Tawa ta yau, a shekarar 1168 ta hijira, daidai da Disamba 1754. In za a sa wannan shekara a baƙaƙe sai a ɗauki shin, ƙaf, sodi, ha ƙarami (شقصح): 1000 da 100 da 60 da 8. Wanda ya lissafa da jerin Gabas zai samu 300 da 100 da 90 da 8, jimla 498, wato wajen 1104 miladiyya. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1232, daidai da Afrilu 1817. Baƙaƙenta su ne shin, ra, lam, ba (شرلب). Da jerin Gabas wannan zai ba da 532, wajen 1137 miladiyya. Tazarar ɗari bakwai da muka ambata a farko daga nan take fitowa, domin 1000 ne ya koma 300.

A lura kuma cewa tsarin baƙaƙe cikin ramzi ba ya canza jimla. Mawaƙi yana da ikon juya su yadda za su zauna cikin ma'aunin baiti ko su ba da kalma mai daɗin ji, tunda tarawa ake yi. Wannan ya bambanta da alƙaluman lissafi, inda 12 da 21 ba ɗaya ba ne.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane jerin da malami ya bi. Masu hisabi suna da wani tsari na tara baƙaƙe gida-gida: masu 1 da 10 da 100 da 1000 a kalma guda, masu 2 da 20 da 200 a ta biye, haka har tara. In kalmar farko ta ƙare da shin (ايقش), kuma ta uku ta ƙare da sin (جلس), jerin Magrib ne. In ta farko ta ƙare da gain (ايقغ), na Gabas ne. Amma kada a yi gwaji da sunan Muhammadu, domin mim, ha, mim, dal suna ba da 92 ta kowane ɓangare. Adadin 786 da Musulmin Indiya da Pakistan ke rubutawa a madadin basmala lissafin Gabas ne. Da jerin Magrib sin ɗin da ke ciki zai ƙara 240, jimlar ta zama 1026.

Yadda jeri ke zama suna

Tun da daɗewa mutane suka ji waɗannan kalmomi kamar sunaye. Ibnun Nadim, wanda ya rubuta Fihrist a Bagadaza wajen 377 ta hijira, ya kawo ruwayar da ke cewa kalmomi shida na farko sunayen wasu mutane ne da suka fara tsara rubutun Larabci bisa baƙaƙen sunayensu, kuma an ce sarakunan Madyana ne da suka halaka zamanin Annabi Shu'aibu. Firuzabadi ma ya kawo labarin cikin Ƙamus, littafin da manyan malamanmu suka sani ƙwarai, inda aka ce Kalaman ne shugabansu. Allunan Ugarit da rubutun Finiƙiyawa sun nuna cewa jerin ya riga ruwayar, kuma kalmomin daga jerin suka fito. Amma ruwayar ta koya mana wani abu game da kunnen ɗan Adam: in aka daɗe ana rera baƙaƙe a jere, sai su fara kama da sunan wani.

Abin da magabata suka yi zato, wasu iyaye a Amurka sun aikata shi da gaske. Hukumar gwamnatin ƙasar mai kula da fansho da lambar shaidar ma'aikata tana fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara, kuma suna ba ya shiga jerin sai an raɗa shi wa yara biyar ko fiye a shekarar. Sunan Abcde, baƙaƙe biyar na farkon boko a jere, ya shiga jerin a 1990. Daga lokacin zuwa 2014 yara mata fiye da 300 aka ba wannan suna. Ba harafi-harafi ake kiransa ba, ana cewa Absidi, kuma a kunnen Ba'amurke yana tafiya da sauran sunayen mata masu ƙarewa da di.

Sunan ya shiga bakin duniya a Nuwamba 2018, lokacin da wata ma'aikaciyar kamfanin jirgin sama ta yi wa wata yarinya ƴar shekara 5 dariya a filin jirgi saboda shi, ta ɗauki hoton takardar shiga jirginta ta sa a Facebook. Uwar ta kai ƙara, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Mutane da yawa sun ga laifin iyayen da suka zaɓi sunan, wasu suka ce ko ma dai mene ne, yarinya ba ita ta raɗa wa kanta ba.

Kafin Bahaushe ya yi dariya, ya kamata ya duba gida. Talatu da Larai da Lami da Ladi da Ɗanladi sunayen ranaku ne, ranakun kuma ƙirga ce ta Larabci: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Wadda ake kira Talatu, in aka bi salsala, lambar ranar haihuwarta take amsawa, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki domin kunne ya saba. Haka nan Ɗaha da Yasin, sunaye masu daraja a duk ƙasashen Musulmi, an ɗauko su daga baƙaƙen da suka buɗe sura ta 20 da ta 36, kuma da sunayen baƙaƙen ake furta su: ɗa da ha, ya da sin. Bambancinsu da Abcde shi ne, su ba daga jerin koyon karatu suka fito ba, daga Alƙur'ani suka fito, kuma daga can darajarsu take. Wata tunatarwa a nan: laƙabin Alfa da Zabarmawa da Fulani ke ba malami ba shi da dangantaka da alfa ta Girkawa, kamar sauti ce kawai.

Wani lokaci kuma suna ne ke korar harafi daga jeri. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shiga kiran nau'o'in cutar korona da baƙaƙen Girkawa: Alfa, Beta, Gama, Delta, wato alif, ba, jim, dal. Da aka zo kan Omikron a Nuwamba na shekarar, sai ta tsallake baƙaƙe biyu. Ta ce Nu yana kama da kalmar Ingilishi mai nufin sabo, Xi kuma sunan dangi ne na mutane da yawa, ba a so a liƙa musu cuta.

Hisabin kwamfuta

Kwamfuta ba ta san harafi ba, adadi ta sani. Duk harafin da ka buga, lamba take ajiyewa, sannan ta zana maka siffarsa a fuskar na'ura. Wannan dabara ce irin ta masu hisabi, a ba kowane baƙi adadinsa, sai dai manufar ta bambanta. Malami yana tara adadin baƙaƙe don ya fitar da shekara. Kwamfuta ba ta tarawa, lambar shaida ce kawai take ba kowane harafi.

Tsarin da aka fara yarda da shi sosai shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, mai gurabe 128. A cikinsa babban A shi ne 65, B 66, C 67, haka har Z a 90. Ƙananan baƙaƙe, da aka ƙara a gyaran 1967, sun fara daga a a 97 zuwa z a 122. Da gangan aka jera lambobin bi da bi, domin in ana so a tsara sunaye sai na'ura ta duba wace lamba ta fi ƙanƙanta. Ta haka jerin da yaran Ugarit suka kwafa a yumɓu ya zama ƙa'idar da na'ura ke tsara sunayen ɗalibai da ita.

Jerin yana fitowa a wasu wurare ma. Masu tsara manhaja suna amfani da ƙirga mai tushe goma sha shida, kuma da yake alƙaluma goma ne kaɗai, sai suka aro baƙaƙe shida: A ya zama 10, B 11, C 12, D 13, E 14, F 15. Da wannan ƙirga, ABCDE adadi ne sosai, daidai yake da 703710 a ƙirgarmu ta yau da kullum. A Excel ginshiƙai suna tafiya daga A zuwa Z, sannan AA ya zama na 27, har a kai XFD, na 16384. Babban ma'ajin kwamfuta mai Windows ana kiransa C domin A da B an riga an ba ramukan ƙananan faya-fayai na da, waɗanda yanzu ba a ganinsu. Kamfanin Google ma, da ya kafa uwar kamfaninsa a 2015, Alphabet ya kira ta, adireshinta na intanet kuma abc.xyz.

Madannan da muke bugu da su ba a jere suke ba, amma sawun jerin yana nan. Tsarin QWERTY ya zo ne daga keken rubutun da Remington ya fara sayarwa a 1874, AZERTY da muka saba da shi a Nijar kuma gyaransa ne don Faransanci. Duba layin tsakiya na kowannensu za ka ga D, F, G, H, J, K, L. Baƙaƙen boko ne a jere, an zare wasula E da I aka kai layin sama.

Wuraren da ake tuntuɓe

Na farko ya shafi boko na Hausa. ASCII bai san ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ba. Sun samu gurbi ne a Unicode, babban tsarin da aka fara fitarwa a 1991 don ya game rubuce-rubucen duniya, kuma lambobinsu sun yi nisa da ƴan uwansu: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, Ƴ 435. Manhajar da ke tsara suna da lamba tsura za ta kai Ɗanladi da Ƙasimu bayan Zainabu, tunda Z 90 ne. Mai neman suna a jerin ɗalibai ko na ma'aikata ya duba ƙarƙashin D bai gani ba, ya ce babu, alhali sunan yana can ƙasa. Manhajoji masu kyau suna da jadawalin tsarawa na kowane harshe, wanda ke sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, amma sai an gaya musu cewa Hausa ake rubutawa.

Na biyu ya shafi ajami. Baƙaƙen Larabci a Unicode suna bin jerin hija'i na Gabas: alif 1575, ba 1576, ta 1578, har zaira 1586, sin 1587, shin 1588. A jerin hija'i na Magrib kuwa, bayan zaira ɗa mai hannu ke zuwa, sannan zadi, kaf, lam, mim, nun, sin da shin kuma sai can kusa da ƙarshe. Ke nan fihirisar da malami ya tsara da hannunsa da wadda kwamfuta ta tsara ba za su zo ɗaya ba, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Wannan lamba ta Unicode kuma ba ruwanta da adadin hisabi: alif 1575 ne a wurin na'ura, 1 ne a wurin malami.

Na uku shi ne fa da ƙaf. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigo guda take da shi a ƙasa, ƙaf ɗigo guda a sama. A rubutun Gabas fa ce ke da ɗigo guda a sama, ƙaf biyu. Mai bugu da ya koyi karatu a littattafan ɗab'i, in ya ga ƙaf ɗinmu sai ya buga fa. A cikin kalma, ma'ana takan tona kuskuren. A cikin ramzi ba abin da zai tona shi, tunda ramzi sau da yawa ba kalma ba ce mai ma'ana, sai kawai 100 ya koma 80, shekara ashirin ta ɓace. Sai a 2016 Unicode ya ƙara fa da ƙaf da nun na rubutun Afirka, waɗanda ke barin ɗigonsu a ƙarshen kalma kamar yadda alƙalamin malamanmu ke yi, a lambobi 2235, 2236 da 2237. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da nasa nauyin: kalmar da aka buga da fa ta Afirka, mai nema da fa ta Gabas yana iya rasa ta, domin a wurin na'ura lambobi biyu ne daban.

Na huɗu ya shafi kowa, ko bai taɓa riƙe takardar ajami ba. Abin da ya sa jeri ke da sauƙin hadda shi ne ya sa yake da sauƙin zato. Duk shekara kamfanonin tsaron intanet suna fitar da jerin kalmomin sirri da aka fi amfani da su, kuma 123456 da abc123 da qwerty ba sa rasa shiga. A ƙasashen Faransanci azerty ma yana nan. Baƙaƙe biyar na boko suna iya haɗuwa ta hanya 11881376, amma ɓarawo ba ya bin su ɗaya-ɗaya, da abcde da ƴan uwansa yake farawa. Wanda ya kulle asusun kuɗinsa na salula ko akwatin saƙonsa da jeri irin wannan, ya rufe ƙofa ne ya bar mabuɗi a jiki. Kuma da yake masu gwada manhaja kan cika gurbin suna da abc ko abcde don su ga ko tana aiki, mai wannan suna na gaskiya yana iya fuskantar ma'aikacin da zai ɗauka takardarsa ta wasa ce.

Abin da muke roƙon mai aiki da waɗannan takardu

Duk wanda ya tarar da ramzi a ƙarshen waƙa ko littafi, ya fara kwafe baƙaƙen kamar yadda suke, da ɗigonsu, kafin ya lissafa komai. Ya lissafa da jerin Magrib tukuna. In akwai ɗaya daga baƙaƙe shidan nan a ciki, ya sake lissafi da na Gabas ya ajiye a gefe, musamman ga rubutun ƙarnin da ya wuce, lokacin da littattafan ɗab'i na Misira suka yawaita a hannun malamai, wasu kuma suka yi karatu a can. Sannan ya auna abin da ya samu da sauran shaidu: sunan sarki ko malamin da aka ambata, irin takardar, da hannun mai rubutu. Ya kuma bambanta ramzin mawallafi da na mai kwafi, domin waƙa tana iya girmar takardar da take kai da shekara ɗari.

In zai buga a kwamfuta, ya rubuta baƙaƙen ramzi da adadin da ya fitar duka biyu, ya faɗi jerin da ya bi. Ta haka wanda zai zo bayansa yana da abin da zai duba, in an yi kuskure ya gyara. Wannan ita ce ƙa'idar da muka bi a duk bayanan da ke cikin wannan littafi, kuma inda mai karatu ya ga lissafinmu ya saɓa wa baƙaƙen da ke hoton takarda, to takardar ce abin bi.